Neman Gafarar Mai Ido Ɗaya

Da takardar fita ta ƙarshe ta fito, ya rage mini kwana goma sha tara in bar Jidda bayan shekara arba'in da 'yan kai, sai na fara zagayen neman gafara. Haka na tashi na ga ana yi a ƙauyenmu can wajen Maraɗi: mai tafiyar da ba a san ranar dawowarsa ba ba ya ɗaukar jaka sai ya bi gida-gida ya ce a yafe masa. Na bi unguwarmu Bani Malik layi-layi. Na je wurin Bayamane mai burodi, wanda na shekara ashirin ina ce wa burodinsa tayar mota ce, na ce ya yafe mini. Ya ce ya yafe, amma in sani haƙorana ne suka mutu. Na je wurin maƙwabcina mutumin Cadi da muka yi shekara uku ba ma ga maciji saboda ruwan na'urar sanyinsa da ke ɗiga a ƙofata. Har matata na zaunar, na ce, "Hajiya, ki yafe mini." Ta ce, "Wanne daga ciki?"

Kowa dai ya yafe. Saura ɗaya, ita kuwa ba mutum ba ce.

Ni lakwal, makarantar boko ke nan, aji biyu na yi aka gane ba a nan rabona yake ba, don haka wannan rubutu da kuke gani da gumi ya fito. Da na zo ƙasar nan dako na fara a tashar jiragen ruwa. Da bayana ya ce ya gaji, na koma kasuwar kifi ina kankara ina yanka. Daga nan wani ya kai ni gidan wasan dabbobin ruwa da ke bakin teku, inda masu hali ke kai iyalansu su ga dolfin yana tsalle. Shekara goma sha ɗaya na yi a can, amma ta baya, a ɗakin kifi. Bayan sallar asuba nake shiga, in taka ruwan magani a bakin ƙofa, in jawo kwalaye daga ɗakin sanyi. Kifin ma daga ƙasashen ƙanƙara ake kawo shi, ga Bahar Maliya a bayan katanga tana kallonmu. Ɗaya-ɗaya nake dubawa. Wanda cikinsa ya fashe, a zubar. Wanda idonsa ya faɗa, a zubar, alhali in a kasuwa ne da an rantse maka yanzu aka kamo shi. In cusa ƙwayar magani a cikin kifin, in auna, kowace dabba da bokitinta da launinsa. Mu kuwa ma'aikata, babu wanda ya taɓa duba idon kazar da ake kawo mana da rana.

Ga wanda bai taɓa gani ba, dolfin wani kifi ne da ba kifi ba, ya fi mutum tsawo, yana numfashi ta wata huda a tsakar kansa, bakinsa kullum kamar yana murmushi. Ban taɓa yarda da shi ba, don irin murmushin kafili ne, Balaraben da takardar zamanka ke hannunsa, ranar da zai ce maka babu. Sai kuma wanda suke kira zakin teku. Wanda ya raɗa masa wannan suna bai taɓa ganin zaki ba. Kan kare gare shi, gashin baki irin na mage, jiki kamar buhun da ya kwana a ruwa, haushi kuma irin na karen da aka ɗaure.

A cikin zakunan tekun akwai wata mace, ta fi sauran girma, bokitinta shuɗi. Na saba, in na gama haɗa nata, sai in buga bayan wuƙa a bakin bokitin sau uku. Ba wanda ya sa ni, hannu ne ya saba. Ita kuma daga can sai ta amsa. Ba ni ke ba ta a baki ba, wannan aikin masu horo ne, masu usur a wuya. Nawa in kai bokiti bakin keji, in kuma wanke daɓe da dogon buroshi.

A shekarata ta huɗu, wata safiya ina wanki na ba ta baya, ta lallaɓo ta cafki wandona ta fincike ni cikin ruwa. Wasa take yi. Ni kuwa mutumin tudu ne, ruwan da na sani na rijiya ne da na buta. Na sha ruwan gishiri mai ƙarni har ya fito ta hanci, aka tsamo ni da ƙugiya kamar guga, wando a gwiwa. Wani ya ɗauka a waya. Kwana uku duk inda na bi ana nuna wa juna ana tuntsirewa, har mai sharar da na girmi ubansa.

Rana ta huɗu na shigo ba kowa. Na buga bokiti, ta leƙo da kanta tsakanin ƙarafa, na ɗaga ƙotar buroshin na maka mata. Tsakar kai na nufa, ta sauka a idon hagu. Ba ta yi haushi ba. Wani ɗan sauti ta yi kamar an taka jaririn akuya, ta sulale cikin ruwa. Likitansu ya zo ya duba ya ce ƙofar ƙarfe ta buga. Aka ce a naɗe ƙarafan da roba, ni na riƙe musu robar suna ɗaurewa. A hankali idon ya yi fari kamar an ɗiga nono.

Abin da ya fi ci mini rai, washegari na buga bokiti, ta zo. Ta zo! Da ta yi gaba da ni, da na sami abin riƙewa. Shekara bakwai tana zuwa, sai dai ta karkato da kai don ta gan ni da ido mai kyau.

Da na gama zagayen unguwa na tsaya wurin malamin masallacinmu bayan la'asar, na ce wani abokina ne ya cuci wata dabba, ya yake ciki? Ya ce mutum yana da bakin cewa na yafe, dabba kuwa bakinta a rufe yake sai ranar da za a buɗe shi. Ya ce ya je ya same ta ya kyautata mata, ya roƙi Allah. "Ka gaya wa abokin naka ya hanzarta," in ji shi, "na ji an ce shi ma tafiya zai yi."

Na je ƙofar baya ta gidan wasan. Wata takwas ke nan da sallamata, an karɓe katin shiga, an kuma canza masu gadi. Wani sabo ya tare ni da hannu ɗaya, ɗayan yana kan waya.

"Mamnu'u, ya Hajj." Wato an hana.

Na ce masa ina shiga ƙofar nan tun bai san inda gemu ke fitowa ba. Ya ce ina kati. Na ce minti biyar. Ya ce ina kati. Na ce ya kira mini kowa daga ɗakin kifi, ya ce duk sababbi ne, in kuma ina son ganin dabbobi ga ƙofar gaba can, kowa ta nan yake bi. Na tsaya ina kallon ruwan maganin da na shekara goma sha ɗaya ina takawa, taku huɗu tsakanina da shi.

'Yata ta fari haihuwar Jidda ce, a nan take aure, ita ba za ta bi mu ba. Sunan mahaifiyata gare ta, don haka Uwata nake ce mata. Hausa tana ji sarai, amma in za ta mayar sai ta haɗa da Larabci. Ta ga ina ta zancen wurin, ta ɗauka kewa ce ta kama tsoho. Ta latsa waya ta latsa, ta ɗago.

"Halas, Baba, shi ke nan, na saya mana tikiti. Za ka yi iyo da dolfin, ba'den ka gaisa da zakin teku, a yi maka hoto."

"Ni gaisuwar kaɗai nake so."

"Ba a rabawa, Baba. Haɗe suke."

"Uwata, kin taɓa ganin ubanki a ruwan da ya wuce idon sawu?"

"Akwai rigar da ba ta nutsewa. Har tsofaffin mata suna yi."

Wato sai na ratsa ruwa kafin a ba ni izinin ganin wadda ta jefa ni a ruwa. Ban gaya mata dalili ba. Na ce to.

Ranar da safe na biya kasuwar kifi. A wurinmu ba a zuwa ba da haƙuri hannu rabbana, ko goro ne sai ka riƙa. Na zaɓi wani ɗan kifi mai maiƙo, tsawon tafin hannu, ido tar kamar zai yi magana, irin wanda na san mai shuɗin bokiti tana haɗiyewa ba ta jira usur ba. Na sani sarai kifin waje haramun ne a gidan. Ni da bakina na sha faɗa wa sababbin ma'aikata haka. Amma na ce dokar ai don waɗanda ba su san kifi ba aka yi ta. Na naɗe shi a leda na zura a aljihun jallabiya. A ƙofa suka zazzage jakar Uwata har da kwalbar turare, aljihun tsoho kuwa ba wanda ya kalla.

Ban taɓa shiga ta gaba ba sai ranar. Sanyi ya buge ni, fitilu kala-kala, kiɗa a hankali, ƙasa tana sheƙi. Ko ɗigon ƙarni babu. Ni da na shekara goma sha ɗaya matata tana sa ni wanke hannu da lemun tsami da garin gahawa kafin in taɓa tuwo, ashe duk ƙarnin gidan ni kaɗai nake kwashewa in kai Bani Malik. A bango ga hoton mai ido ɗayan nan, ya fi ni tsawo, da ƙwallo a hanci. Ta gefen dama suka ɗauke ta. Na kawar da kai.

Aka raba mu, Uwata ta tafi wurin 'yan kallo, ni aka tura ni ɗakin canza kaya. Wani ma'aikaci ya auna ni da ido ya miƙo mini wata baƙar rigar roba, riga da wando a haɗe, wadda in ka gan ta a rataye sai ka ce ta ɗan shekara goma ce. Ya ce a cire zobe, a cire agogo, a cire hula, kada dabba ta haɗiya. Ni yake koya wa! Na shiga ƙafa ɗaya, na huta. Na shiga ta biyu, na yi salati. Da aka zo kan tumbi sai da na jingina da bango na riƙe numfashi. Na duba madubi na ga kabewa a cikin safa. Mutumin da ko a gidansa ba ya fitowa da singileti, yau ga shi kowane lungu na jikinsa an zana wa jama'a.

Kifin na cire daga leda, don leda ita ke kashe dabbobin nan, wannan kam ban manta ba. Na zura shi a ƙirji na ja zif har wuya. Sanyinsa ya ratsa ni. Aka ɗora mini rigar da ba ta nutsewa a kai, aka ɗaure tam.

Mu uku ne, ni da wasu Larabawa biyu, ɗaya mai ƙiba da ya fi ni cika robar, abin da ya ɗan sanyaya mini rai. Mai horon Bature ne daga wata ƙasa mai sanyi, sabo, ban san shi ba, Larabcinsa irin nawa ne, na kasuwa. Ya sauke mu kan wani dandamali a cikin ruwa, ruwan ya kawo mini ƙugu. Na riƙe ƙarfe da hannu biyu. Ya ce a saki ƙarfe a miƙa hannu. Na saki ɗaya.

Ya busa usur. Wani abu mai toka-toka ya taso daga ƙasa ya wuce ta gabanmu a hankali, ya goga jikinsa a tafukanmu. Kamar salkar da aka cika da ruwa, santsi, da tauri a ƙarƙashi. Shekara goma sha ɗaya ina yanka wa wannan bawan Allah abinci, sai yau na taɓa shi, shi ma da izinin wani.

Sai aka ce kowa zai kama ƙahon da ke bayan dolfin ɗin ya ja shi zuwa can ƙarshen tafkin ya dawo da shi. Larabawan suka yi, suna ihu suna dariya. Aka zo kaina. Mai horo ya ce in sauka daga dandamali.

Na ce, "Ƙasa fa?"

Ya ce babu ƙasa, rigar za ta riƙe ni.

Daga can sama na ji Uwata, "Yalla Baba! Ina ɗauka!"

Na yi kalmar shahada a bayyane, mai ƙiba ya ce amin, na taka inda babu komai. Ruwa ya rufe ni har kunne, rigar ta cillo ni sama kamar ƙwarya. Dolfin ya zo ya tsaya a gefena, na cafki ƙahon da hannu biyu kamar mai hawan bayan akori-kura. Ya ja. Ba zan yi ƙarya ba, akwai ɗan lokaci, bai kai a ce bismilla a gama ba, da na ji jikina babu nauyi, bayan da ke mini ciwo tun zamanin tashar jirage ya yi shiru. Sai na buɗe baki, ban san me zan ce ba, teku ta shiga.

Ya ajiye ni a bakin dandamali ina tari. Mai horo ya busa masa usur ya je ya karɓi ladansa. Bai je ba. Ya juyo ya tsaya a gabana, yana wani ƙara kamar ƙyauren da ya yi tsatsa, ya sa dogon bakinsa ya zunguri ƙirjina. Na ce, "Kai, tafi." Ya sake zungura. Usur na biyu. Na uku. Sai ga ɗan'uwansa ya taso daga wancan gefe, su biyu suka sa ni a tsakiya suna murmushi.

Ashe jan da aka yi mini ya tura kifin sama. Wutsiyarsa ta leƙo ta wuyan riga, daidai ƙarƙashin gemuna.

Mai ƙiba ne ya fara gani. "Ya Hajj! Da abincin rana ka zo?"

Mai horo ya yi tsalle ɗaya ya fizge kifin, fuskarsa ta yi ja kamar gauta. Ya hau ni da faɗa, mamnu'u, mamnu'u, za ka kashe dabba, wa ya ce, wa ya bari. Gaskiyarsa ce, na sani, shi ya sa na fi shi ɗaga murya. Na ce ya buɗe ido ya dubi idon kifin nan, in akwai irinsa ɗaya a bokitinsa a yanke mini hannu. Ina faɗa ina leƙa bokitin da ke bakin tafki, sai na ga a sama-sama wani kifi cikinsa a fashe, hanji a waje. Nan ne raina ya ɓaci da gaske.

"Wa ya haɗa wannan bokiti? Wane makaho ne a ɗakin kifi? Wannan kake ba su kana mini ihu?"

Muna ta yi, ni cikin roba ruwa na zuba daga gemu, shi da kifina a hannu, har manaja ya sauko. Uwata ta riga shi isowa, ta daina ɗauka. Ta buɗe Larabcin nan nata mai gudu kamar famfo, ta ce mahaifinta ne, tsohon ma'aikacinsu ne, tafiya zai yi ba dawowa, girma ne ya kama shi. Manajan ya dube ni daga sama har ƙasa ya ce, "Miskin." Da ya zage ni da ya fi mini. Ya ce a bar ni in ƙarasa, amma a laluba ni tukuna. Aka laluba ni a gaban 'yata. Na haɗiye, na ce ai saura ƙofa ɗaya.

Aka kai mu wani ɗaki mai benci da zanen duwatsu a bango. Aka ce kowa zai zauna, zakin teku zai zo ya sa hanci a kumatunsa, a ɗauki hoto, ya tashi. Na bar Larabawan suka riga ni zama a layi, ni ina ta maimaita abin da zan faɗa a zuci. Kifi ya tafi, amma baki yana nan.

Ƙofa ta buɗe. Wata 'yar ƙarama ta shigo tana rangaji, sumul, idanu biyu baƙaƙe wuluk.

Ba ita ba ce.

Na ce wa mai horo, "Ina babbar? Mai shuɗin bokiti?"

Har yanzu yana jin haushina, bai ko dube ni ba. Ya nuna bayansa da babban yatsa. "Tana baya. Halas, ba ta fitowa." Ya taɓa idonsa na hagu. Ya ce baƙi ba sa son farin ido a hoto, kuma in mutum ya zo mata ta wannan gefen firgita take yi, kwanaki ta kusa cizon wani. Wanda ya riga shi ya san yadda yake juya ta, shi ba shi da lokacin wannan.

Na zauna a bencin. Wato ni na mayar da ita baya da hannuna, sannan na zo na shiga roba, na sha ruwa, aka ce mini miskin, don in same ta a gaba. Usur ya yi ƙara, 'yar ƙaramar ta manna mini hancinta mai sanyi a kumatu, ta ɗaga hannu tana gaishe ni.

"Yalla ya Hajj, murmushi!"

A wurin ajiye motoci Uwata ta fashe. "Baba, ka ba ni kunya wallahi! Lesh? Me ya sa kifi? Kai da ka san nizam ɗin wurin, ka san dokarsu!"

Na ce, "Biyo ni."

"Ina kuma? Rana, Baba!"

Na bi jikin katanga, tana biye tana mita, abayarta na jan ƙura. Muka wuce ƙofar baya ta nesa don kada mai gadin nan ya gan mu, muka zagaya har inda manyan kwandunan shara suke. Nan ƙarni ya tarbe ni, na san na iso. Bayan wannan katanga, taku goma, nan kejin yake. Na tsaya na gaya mata duka, wando da ƙugiya da ƙotar buroshi da robar da na riƙe. Ban taɓa gaya wa kowa ba, har uwarta.

Ta cire hannu daga hanci. "Kai, Baba?"

"Ni."

"Kai da ka mare ni don na jefi mage?"

"Bayan nan ne. Shi ya sa marin ya yi zafi."

Na tsinci wani tsohon bokitin fenti a gefen shara. Na ciro makullin gidan da zan mayar wa mai shi ƙarshen wata, na buga a baki sau uku. Shiru, sai ƙugin injin sanyi. Na sake bugawa.

Ta amsa. Ko cikin karnuka ɗari na san muryar nan, tana da wani kaushi a ƙarshe kamar mai tari. Na ji ta fito daga ruwa, na ji faf-faf ɗin hannuwanta a kan daɓe har bakin ƙarafa, tana haushi ba tsayawa.

Sai a lokacin na gane abin da na yi. Na kira ta cin abinci. Wata takwas ba ta ji wannan bugu ba, ta taso da gudu, ni kuwa ga ni da bokitin fenti da makulli. Na zo neman gafarar cuta ɗaya na ƙara ta biyu. Na yi jifa da bokitin, na zagi kaina zagin da ba zan rubuta ba.

Amma na zo, sai na faɗa. Na dafa katangar, zafinta na cin tafina, na ce, "Baiwar Allah, ni ne. Ni na buge ki, ba ƙofa ba ce. Kin yi wasa, na yi mugunta. Ki yafe mini don Allah."

Haushi kawai take yi.

Uwata tana share ido da gefen mayafi, ta ce, "Me ta ce?"

"Cewa ta yi ina kifi."

Sai na ji ƙofar ɗakin kifi ta buɗe daga ciki, na san ƙarar, ƙyauren yana jan ƙasa. Wata murya ta daka mata tsawa wai ta yi shiru. Jinina ya hau. Na ɗaga kai na kwarara ihu da Larabcin 'yan dako, na ce kai mai ɗakin kifi, kada ka yi mata tsawa, ni na kira ta, ba ta ko ɗaya ne. Na ce ka tsaya mata ta dama, ta hagu ba ta gani. In za ka shiga wanki ka buga bokiti tukuna ta san kana zuwa, kuma kada ka ba ta baya.

Muryar ta ce, "Wane ne?"

"Wanda ya yi aikinka kafin kai! Kuma ka riƙa zubar da masu fasasshen ciki, kana ji ko?"

Ƙyauren ya sake jan ƙasa. Haushin ya ci gaba, na ce shi ke nan, ya koma ya rufe. Can sai na ji taku, na ji wani abu ya faɗi ɓat, sai shiru.

Uwata ta kama hannuna. "Halas, Baba. Ta yi shiru. Ta yafe."

Na ce, "Bakinta ne ya cika."

Mai gadin ya leƙo daga kwana yana ɗaga mana hannu mu bar wurin, muka bari.

Yanzu ina ƙauye, inda ruwa mafi girma shi ne tafkin da shanu ke sha. Uwata ta wanko hoton ta sa a jakata ban sani ba, Hajiya kuma ta rataye shi a ɗaki. Duk wanda ya shigo sai ya ce kai, Alhaji, har namun ruwa sun san ka. Ga ni nan a ciki, cikin roba, fuska a murtuke, wata da ban taɓa yanka wa ko kan kifi ba tana sumbatata. Tun ina cewa ba ita ba ce har na gaji.

Gafara dai ban ji da kunnena ba. Abin da na samo daga ruwan da na sha, wani da ban ga fuskarsa ba ya ji ta wane gefe ake tsaya mata. In ya riƙe.